Gurasar Mayar da Parvina

Isfara, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Shodmon,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a wurin gini. Allah ya kare ku daga sanyin Rasha. Mu nan lafiya, sai gwiwar Inna da ke hana ta sallah a tsaye.

Maganar 'yarka Parvina ce, kuma raina a ɓace yake. Ta sake dawowa gida da jaririya a hannu, wannan karon mijinta Daler ya fasa mata dodon kunne. Ka san abin da matarka Gulbahor ta fara yi? Kwano ta ɗauko ta hau kwaɓa fulawa, wai a gasa gurasa a mayar da yarinya da ita kamar yadda aka saba, kada surukai su ce ta koma hannu rabbana. Wato shi ya yi duka, mu za mu kai masa tukuici. Na ce mata ni ke hura tanderun gidan nan, in ta ga hayaƙi to gobara ce. Ta ce ai an riga an gutsura gurasar baiko a gaban dattawa, ba ta komawa ɗaya. Na ce kunnen ma haka.

Dattawan unguwa sun zo sun shanye mana shayi, suka ce Parvina ta yi haƙuri, harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na tambaye su ko haƙori yana kulle harshe a ɗaki ya ƙwace masa waya.

Na kai ta wurin likita, sannan wata cibiyar mata a Khujand, inda lauya ta saurare ta ba tare da tambayar me ta yi masa ba. Yanzu tana ɗakina. Amma ka san halinta, in ka ce ta koma, komawa za ta yi, kuma ina tsoron ba za ta sake fitowa da ƙafarta ba.

Inna da Gulbahor suna gaishe ka. Ka gaida Kawu Nazar da ɗansa Behruz. Parvina ba ta iya cewa a gaishe ka ba, sai tambayata take ko kana fushi da ita. Kullum ina ce mata a'a. Ka kira ta, Yaya, kada ka mai da ni maƙaryaciya.

Ƙanwarka,
Munavvara