Filin Na Ma'azu Ne, Ɗorawar Ciki Ta Goggo Ce

Malam Jamaluddeen, don Allah ka taimake ni kafin Juma'a, na kasa zama wuri ɗaya.

Shinkafa nake sayarwa a Kende. Yanzu filin bakin titi a hanyar boda ya zama kamar ƙosai da safe, kafin ka juya an kwashe. Duk sanda na bi ta hannun dillalai, sai su kai labarin ga wanda ya fi ni aljihu. Shi ya sa wannan karon na je da ƙafata wurin Ma'azu, mai wani fili a hanyar Bagudo, muka daidaita ba ɗan tsakiya. Shagunan haya nake son ginawa, yarana su samu abin riƙewa.

Da na koma in auna, sai na tarar da wata tsohuwa, Goggo Dela, tana kaɗo ɗorawa a tsakiyar filin. Ta shaida mini ƙasar ta Ma'azu ce, amma itatuwan nata ne. Yayanta, mahaifin Ma'azu, shi ya bar mata su, kuma da daddawarsu take ci. Ni kuwa ba gini sai an sare su. Ma'azu ya ce in biya kawai kafin Juma'a, za a sasanta daga baya, wai wani Alhaji daga tsallaken Benin yana jira. Matata ta ce in haƙura. In na tuna wani zai ɗauke wurin sai gabana ya faɗi, in na tuna fuskar tsohuwar sai kunya ta kama ni. Ko tuwo ban iya gamawa.

Mai zullumi, daga Kende

Ɗan'uwa, ban ga laifinka ba, dillalai sun ƙona ka. Sai dai aikin dillali na kirki ba karɓar la'ada kaɗai ba ne, shi ke sanin wa ke da itace, wa ke da hanya. Tunda ka sallame shi, aikin ya dawo kanka.

Kada ka biya tukuna. Ka je gidan Goggo Dela da goro, ka ji ta bakinta. Watakila ta yarda a fanshi itatuwan, watakila ginin ne zai matsa gefe. Sannan ku zauna gaban mai gari, da ita, da Ma'azu, da maƙwabtan filin, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Gaggawarka gaskiya ce, filin yana iya kuɓuce maka, kuma zai yi ciwo. Amma in Ma'azu ba zai jira a zauna da goggonsa ba, rigimar gidansu yake son sayar maka, ita kuma yaranka za su gada. Ka bar wa Alhajin. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya kwantar maka da hankali.