Tsarabar da Ba a Rabawa

Zuwa ga ƙanena Armiya'u,

Assalamu alaikum. Ina Inna da ciwon ƙafa? Ina Hamdiyya da goyonta? Ni lafiya lau nike a Istanbul. Tarin ma ya fara sauƙi, kada ka hwaɗa ma Inna.

Saƙonka ya iso, kuma wallahi raina ya ɓaci. Na'urorin wasan gem biyun nan da na aiko ba tsaraba ba ne, Armiya'u! Sau nawa na yi maka bayani? Ka jona su da shuɗiyar wayar nan, kowace da talabijin ɗinta, ɗaliban Poli su riƙa karawa, wanga ɓangare da wancan. Haɗin shi ne sana'ar. Masu na'ura ɗaya ai sun cika Ƙaura.

Sai ka tsaya kana kallo Inna ta raba su kamar dabino: ɗaya gare ka, ɗaya ga 'ya'yan Kawu Sirajo a Zurmi, wai kada a ce mun ci mu kaɗai. Wayar kuma ta ɗaure ta tana shanya, wai ta fi igiyar shanya ƙwari!

Na san ba a musu da Inna. Ka tafi Zurmi da rana tsaka, ka durƙusa ma Kawu, ka ce ni na roƙa a maido na'urar. Yaransa takalma zan aiko musu.

Wata bakwai ina wankin tukwane cikin ruwan sanyi don ka bar kabu-kabu bisa hanyar Shinkafi, ba don zannuwan Inna su bushe ba.

Ka gaishe ta, ta sa mini albarka. Wayar kuma, ka kwance ta a hankali, amma sai ka fara ɗaura ma Inna wata igiyar.

Yayanka,
Mubashir