Jinin Duna da Jinin Goje

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Duna ya ƙi tuwo yau ma. Kwana tara ke nan, sai ya shinshina ya juya. Goje ya cinye nasa ya haɗa da na ɗan'uwansa. Karnukan nan uwarsu ɗaya, abincinsu ɗaya, wuri ɗaya suke kwana a bayan akurkin kaji. Me ya sa sai Duna?

Alhamis, 6 ga Yuni
Na tuna. A watan Afrilu, ranar da Duna ya kashe zakaran maƙwabcinmu Godwin, Baban Peculiar, ya leƙo ta katanga ya ce, "Natan, wata rana sai na yi maganin baƙin karen nan." Yana dariya ya faɗa. Ni ban yi ba.
Na ɗura wa Duna manja da garin gawayi, ko da guba ce.

Lahadi, 16 ga Yuni
A coci Baban Peculiar ya miƙo mini hannu, na yi kamar ina gyara takalmi. Mama ta gani. A hanya na ce mata zan kai shi gaban mai unguwa. Ta ce, "Da wace shaida? Shekara goma sha biyu rijiya ɗaya muke sha da mutanen nan." Na ce zan nemo. Ba sauri nake ba.

Talata, 25 ga Yuni
Abin da na gani, don kar na manta. Gashi ya zube kewaye da idanun Duna. Haƙarƙari a waje, ciki a kumbure. Kaluluwa a bayan gwiwa. Haɓo sau biyu. Faratansa sun yi tsawo har sun lanƙwashe, ina jin ƙararsu a siminti.
Wace guba ce ke tsawaita farce? Ban sani ba. Amma Baban Peculiar maganin feshi yake sayarwa a kasuwa. Shi zai sani.

Laraba, 3 ga Yuli
Na kai karnukan duka biyu wurin likitar dabbobi, Dakta Nasiha, don ta rubuta mini takarda cewa guba ce. Ta taɓa cikin Duna ta ce saifa ce ta kumbura. Ta ɗebi jininsa, ta ɗebi na Goje ma. Na ce ai Goje lafiyarsa ƙalau. Ta ce, "Shi ya sa." Amsar nan ba ta kwanta mini ba.

Juma'a, 12 ga Yuli
Wai ba guba ba ce. Wata cuta ce, a jikin mutane ana ce mata kala-azar, har ta rubuta mini sunan. Wani ƙwaro da bai kai sauro girma ba ke kawo ta, yana son danshi da wurin kashin kaji. Wai duka biyun suna ɗauke da ita.
Na ce, "Likita, jiya Goje ya kama gafiya fa."
Ta ce masu yaƙi da cutar sun ma fi yawa a jinin Duna, amma a waje suke yawo, cutar kuwa ta shige cikin ƙwayoyin jiki ta ɓuya. Shi Goje jikinsa ya tayar da irin waɗanda ke bin ta har ciki su danne ta.
Wato mai mutuwa shi ya fi sojoji. Ta ga ban wuce firamare ba ne.
Na tambaye ta ko ta san Godwin mai maganin feshi. Ta ce, "Wane Godwin?" Da sauri ta faɗa.
Zan fita ta ce in akwai ƙananan yara kusa, su riƙa kwana a gidan sauro mai magani. Ƙwaron na iya ɗauka daga kare ya kai musu.

Asabar, 13 ga Yuli
Gidanmu ba yara.
Da almuru na tsuguna bayan akurkin, ba don na yarda ba. Ƙwarin suna nan. Ƙanana, a kan hancin Duna da kunnensa, suna ɗan tsalle-tsalle a jikin katanga. Bayan katangar tagar ɗakin da Peculiar ke kwana ce. Shekararta uku.

Talata, 16 ga Yuli
Duna ya mutu da safe. Na sa riga zan tafi gidan mai unguwa, na tsaya a ƙofar Baban Peculiar, tunda a kan hanya take. Na ce, "Ku sa wa yarinyar nan gidan sauro."
Ya ce, "Au, bakin ya warke?"
Na gaya masa abin da likita ta ce, yadda na iya. Ya shiga ciki ya fito da shebur biyu.
Mun binne Duna, mun kwashe kashin kajin. Kafin mu gama rana ta take, na san mai unguwa ya riga ya fita. Ban ce na wanke Baban Peculiar daga zargi ba. Gobe dai zai zo mu matsar da akurkin.