Hanyar da Mijina Ya Kawo Ta Raba Ni da Yayana

Baji Sughra, babbar yayarmu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Mijina ɗan majalisar lardi ne a Lahore. Shekara uku yana tsayuwa a zauren nan yana magana ɗaya: a yi wa yankinmu hanyar mota, manoma su kai auduga tashar jirgin ƙasa kafin farashi ya faɗi, marasa aiki su samu na yi. Har gyambon ciki ya kama shi. Bara aka buɗe hanyar, aka rataya masa furanni.

Amma Baji, gidanmu amalanken shanu muka gada. Yayana Karamat, da muke kira Bhai, wato yaya, shi ke ɗaukar audugar nan tun Abbanmu na da rai. Yanzu lori na yin kwana ɗaya inda yake yin huɗu. Ya sayar da bijimai shida, saura biyu, kuma na ga yadda yake shafa musu wuya. Mijina ko sau ɗaya bai leƙa garken ba. Ya danne zuciya ya roƙi mijina aikin kula da leburorin hanya. Mijina ya ce, "Bhai sahib, ranka ya daɗe, ni da na tsaya ina kunyata masu cusa dangi, da wane baki?" Yayana ya ce, "Da bakin da ka cinye shanuna." Ya sa takalmi ya fita, ko shayin da na kawo masa bai taɓa ba.

Wata mai zuwa za a aurar da 'yarsa. Ya aiko in zo ni kaɗai. Mijina bai hana ni ba, sai dai tun ranar da saƙon ya zo ya daina karanta mini jawabansa. In je ko in zauna?

Ƙanwar mai amalanke, daga wajen Jhang

Ƙanwata,

Ki je bikin. Yarinyar ba ta yi wa kowa laifi ba, kuma rashin gwaggo a ranar nan ba ya goguwa.

Mijinki ya yi daidai da ya hana aikin. Da ya bayar, abokan hamayya sun samu abin da za su toshe masa baki da shi. Inda ya gaza shi ne, ya ƙirga waɗanda hanya za ta ciyar, bai ƙirga waɗanda za ta tsayar ba. Yayanki kuma ba aikin ne ya fi ƙona masa rai ba. Abin da ya fi ƙona shi, mijinki bai taɓa zuwa ya ga garken da ya zama kango ba.

Kada ki zama mai kai saƙo tsakaninsu. Ki gaya wa mijinki sau ɗaya, cikin natsuwa, cewa masu amalanke ma marasa aiki ne, kuma ba yayanki kaɗai ba ne. Abin da ba zai iya yi wa mutum ɗaya a ɓoye ba, zai iya nema wa mutum ɗari a fili: koyon tuƙi, ko jigilar kaya daga ƙauyukan da lori ba ya shiga. Wanda ya san sunayensu da gidajensu kuwa Karamat ne. Mijinki ya taka da ƙafarsa, kafin biki, ya nemi taimakonsa. Mutumin da ya zo roƙo aka mayar da shi, abin da ke warkar da shi a zo a roƙe shi.

Allah ya sanya alheri a auren, ya ba maigidanki lafiya.

Baji Sughra