Ƙafa Biyu Gare Shi, Ba Uku Ba

Ɗana Sule,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Ikko? Yaya maiɗakinka da yara? Mu nan Ruwan Godiya lafiya, sai gwiwa. Malam Isa ke rubuta mani.

Akori-kurar marigayi babanka ta daina sigina. Lawal direba da hannu yake nuna kwana, har tirela ta kusa cire mashi shi a Yankara. Ya rantse ya bar tuƙa ta.

Mai gyaran wayar mota ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ciro ɗan gwangwani, wai filasha. Ashe shi ke ƙyas-ƙyas ɗin da babanka ke cewa motar na tasbihi. Ya ce a kai shi Funtuwa a gwada, na hana, yana aljihuna. Sabon da aka sawo ƙafa uku gare shi, namu biyu, wai an daina irinshi.

Ƙannenka sun ce a saida motar, yanzu kowa sabuwa yake saye. Na ƙi, amma ni kaɗai ne.

Ka duba mani irinshi can, ko da yake ban sa rai ba. Na dangwala ƙafafunshi a tawada nan ƙasa, kusa da inda na dangwala yatsana.

Ka sa mu a addu'a. Gaida mutanen gida.

Baffanka