Wainar Buɗe Shagon Misis Kim

Talata, 14 ga Maris, 1989

Raina a ɓace yake yau. Misis Kim, 'yar Koriyar nan ta ƙasan flat ɗinmu, ta buɗe shagon wanki, ta hawo min da farantin wainar shinkafa mai jan wake, da kati a kai. Shekara huɗu na yi ina koyon karatu da girmana, sai ga rubutunsu kamar zanen tagogi. Na ji tsoron ko da alade a ciki, na mayar mata tun a bakin ƙofa.

Da 'yata Rabi ta dawo daga college, ta riga ta ji labarin a shagon, ta dafe kai. "Haba Mama! Gaeeop aka rubuta, wato buɗe sana'a. Al'adarsu ce su raba wa maƙwabta. Shinkafa ce da wake kawai!"

Ga shi ranar Asabar matar za ta ɗauki Rabi aiki. Na ce to ni wa ya gaya min? Rabi ta shige ɗaki ta banko ƙofa.

Na jiƙa wake. Gobe da sassafe zan soya ƙosai in sauka da shi da kaina. In ta mayar min, ba ni da bakin magana.