Hoton Baba Kafin Tiyata

Litinin, 3 ga Maris
Baba ya dage sai an yi masa hoto da ni da Yaya kafin tiyatar ran Juma'a. Wai ko da wani abu. Na ce ya daina irin wannan maganar. Na dai aro kyamarar abokin aikina, mai gilashi biyu, dogo da gajere.

Talata, 4 ga Maris
Dogon gilashin na ɗaura, na matso dab da kujerar Baba don in gwada. Fuskarsa ta fito tar, har furfurar gira. Yaya kuwa, da ya tsaya can jikin labule, sai ka ce hayaƙi. Na ɗauka, na sake ɗauka, duk kanwar ja ce. Kamar in yi jifa da kyamarar.
Kuma ba zai matso ba. Tun ranar da na yi masa ƙorafin cewa ya bar mini jinyar Baba ni kaɗai, gaisuwa ma da ƙyar.

Laraba, 5 ga Maris
Na kira mai kyamarar, na ce ta lalace. Dariya ya yi. "Lafiyarta ƙalau. Dogon gilashi in kin matso, wurin da ke fitowa tar bai fi tafin hannu ba. Sa gajeren, ki ja baya."
Na ja baya har na bugi bango. Kowa ya fito, amma Baba ya zama ɗan mitsitsi, ga kwalaben magani da kwandon wanki fes a bayansa. Ya duba ya ce, "Hotona ne wannan ko na tarkace?"
Kaina ciwo yake.

Alhamis, 6 ga Maris
Dabara ɗaya ta rage: mu jeru, nisanmu da kyamara ya zama ɗaya. Dole na buɗe baki.
"Yaya, matso."
Ya ɗan gusa.
"Ƙara."
Sai Baba ya cafko hannun rigarsa. "Zo nan, ba na cizo."
Na saita ta ɗauka da kanta, na ruga ɗaya gefen. Mu uku, tar.

Juma'a, 7 ga Maris
An shiga da shi. Ya Allah.

Asabar, 8 ga Maris
Ya farfaɗo, har ya fara yi wa ma'aikatan jinya tsiya. Yaya ya ce in je gida in huta, shi zai zauna. A bakin ƙofa ya ce in turo masa hoton. Na tura.
Ban huce ba fa. Abincin da na kai wa Yaya, yawa ne kawai ya yi mini.